Sitiyarin FR-S ya saluɓe: Momo zan sa ko Nardi?

Sadiku Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Waɗanda suka zo ɗaurin auren Fuseini a Asawase sun ga motar da na sauke daga Tema wata huɗu da suka wuce, Scion FR-S 2013 mai giyar hannu. Inji lafiya, ƙafafu lafiya, fenti an yi mata sabo a Magazin, unguwar makanikai ta nan Kumasi. Abin da ke ɓata min rai sitiyari ne. Fatar ta saluɓe daga sama, daidai inda rana ke dukanta. In na tuƙa daga Aboabo zuwa Adum sai in sauka da baƙin ɓarɓashi a tafin hannu kamar na ɗebi gawayi. Ranar Juma'a da farar jallabiya na shiga, ban ankara ba na shafa ƙirji. Na sa masa rigar nan da ake sayarwa a bakin titi, ta ƙara masa kauri, ga shi tana zamewa in zan sha kwana, na cire na yar.

Yanzu dai na ƙudura canja shi gaba ɗaya. Zuciyata ta rabu tsakanin Momo na fata da Nardi na katako. Wani yaro a Magazin ya nuna min Momo a kwalinsa, ya ce in ba da sidi 450 har da bos ɗin da ake ɗaura shi a kai. Wanne ya fi dacewa da motar nan da hanyoyinmu? Wanda ya taɓa sawa don Allah ya yi magana.

Ɗanladi Sawaba:
Wa alaikumussalam. Ni da na ga Momo na zaci kuɗi za ka tura mana ta waya, har na fara duba ko lambata tana aiki.

Faisal Nima:
Ɗanladi ka bari mana. Sadiku abokina, abu na farko: wannan na sidi 450 jabu ne, ko ban gan shi ba na rantse maka. Momo na ainihi daga Italiya yake zuwa, shi kaɗai ba tare da bos ba ya haura dala 200 kafin ka biya kuɗin kawowa. Ka juya lissafin zuwa sidi ka gani. Kamfanin nan wani ɗan tseren mota ne, Gianpiero Moretti, ya kafa shi a 1964, sunan ma daga Moretti da Monza aka haɗo shi. John Surtees da sitiyarinsa ya tuƙa Ferrari shekarar da ya ci kambun duniya. Irin wannan kaya ba a samunsa a farashin takalmi.

Na biyu, girma. Naka na asali milimita 365 ne, kuma lokacin da motar ta fito Toyota da kanta tana alfahari cewa shi ne mafi ƙanƙanta a motocinta. To 350 ya ishe ka. Kar ka sauka zuwa 320 ko 330, zai tare maka saman mita, sai ka riƙa leƙe kamar mai neman allura. Ƙaramin sitiyari yana sa ka ji motar tana amsa ka da wuri, amma yana ƙara nauyi a hannu. Da sauƙi tunda taka fawarta ta lantarki ce.

Na uku, ramukan noti. Momo, Sparco da OMP duk noti shida ne a kan faɗin milimita 70. Nardi shida ne a kan 74. Ka sayi bos ɗin da bai dace ba ka zauna kana kallonsu. Akwai bos mai ramuka iri biyu, shi za ka nema.

Ni Momo Prototipo ne a tsohuwar BMW ɗina shekara uku ke nan, ban taɓa nadama ba.

Sadiku Aboabo:
Na gode Faisal. Nardin fa? Gaskiya shi ya fi shiga raina. Na ga hotonsa a wata jar mota, katakon yana sheƙi.

Faisal Nima:
Kyau kam ba a magana, shi ne a tsofaffin Ferrari, Enrico Nardi ya fara yin su a Torino tun 1951. Amma ka ajiye mota a Kejetia daga azahar zuwa la'asar ka dawo ka kama katakon da aka shafa wa banish, ga ƙarfe a tsakiyarsa. Sai ka nemi tsumma. In hannu ya yi gumi kuma santsi yake yi. Sannan FR-S motar zamani ce, ciki duk baƙar roba, katako a ciki kamar ka sa rawani a kan rigar ƙwallo.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da mai fata mai gashi-gashin nan da 'yan tsere ke sawa. Su da safar hannu suke tuƙi. Kai da za ka ci ƙosai ka kama, ga ƙurar hunturu, wata uku ya zama kamar bayan tukunya.

Masta Isiyaka Magazin:
Salamu alaikum. Na karanta duka. Yarana, kun yi maganar fata, kun yi maganar katako, kun yi maganar noti. Ban ji wanda ya ce komai a kan jakar iska ba, wadda ke kumbura daga tsakiyar sitiyari ta tare direba in an yi karo. Momo da Nardin da kuke faɗa ba su da ita. Sadiku, ka san haka?

Sadiku Aboabo:
Na sani Masta. Yaron ya ce akwai wani ɗan rezista da ake sawa a soket, fitilar gargaɗin ba za ta kama ba.

Masta Isiyaka Magazin:
Fitila ce ba za ta kama ba. Rezista aikinsa ya yi wa kwamfutar mota ƙarya, ta ɗauka jakar tana nan. Ranar da aka yi karo rezista ba zai kumbura ba.

Mariya Tafo:
Sadiku, ashe abin da kake ƙullawa ke nan? Sai a nan zan gani? Shekara 11 ina aiki a ɗakin gaggawa, ba sai na ba ka labari ba. Na ɗinke fuskokin direbobi da yawa, kuma tun daga bakin ƙofa muna gane wanda sitiyari ya tara da wanda jaka ta tara. Na biyun yakan zo da ƙuna a hannu da jan hanci, yana ta masifar motarsa ta lalace. Na farkon ba ya iya magana, haƙoran suna cikin tsumma a hannun ɗan'uwansa. Wallahi ka cire jakar nan sai na faɗa wa Umma.

Sadiku Aboabo:
Haba Yaya, shawara ce kawai ake yi. Ban sayi komai ba tukuna. Ki bar Umma a gefe don Allah, har yanzu ba ta huce da sayen motar ba.

Faisal Nima:
Anti Mariya, da girmanki, ban ƙi maganarki ba. Amma mu faɗi gaskiya: trotro, motocin haya, nawa ne a Kumasi ke da jakar iska? Pragya mai ƙafa uku fa, ko ƙofa babu. Duk muna shiga. Motocin tsere da ke gudun da ya ninka namu, babu mai jaka ko ɗaya. In mutum ya ɗaura bel ya tuƙa da hankali, sauran na Allah ne.

Rabi'u mai waya:
Faisal, a nan ka kauce. Ɗan tsere bel ɗinsa mai igiya huɗu ko shida ne, ya ɗaure shi tamau a kujera mai rungume jiki, ga hular kwano, ga ƙarafa da aka kewaye cikin motar da su. Ko motsi ba ya yi zuwa gaba. Bel ɗin motar gida daban aka yi shi. Lokacin karo yana fizgar ka baya da farko, daga nan ya ɗan saki da gangan don kar ya karya maka ƙirji, saboda ya san jaka tana gaba tana jiran ka. Tare aka auna su. Ka cire jaka, bel zai sake ka kamar yadda aka koya masa, ya miƙa ka ga ƙarfe. Kuma bos da sitiyari mai zurfi suna ƙara matso da shi kusa da fuskarka.

Banda haka, tunda wayoyi aikina ne: a bayan sitiyarin akwai naɗin wayar nan mai kama da kaset, shi ke kai wuta ga hon da jaka. A motar nan na'urar da ke gaya wa kwamfuta inda ka juya sitiyari a jikinsa take. Ita kwamfutar ke dubawa ta kama motar in bayanta zai zame. FR-S ƙafafun baya ke ja, ba nauyi gare ta ba, a ruwan sama bayanta yana son wucewa gaba. Bos mai arha wani sai an cire naɗin kafin ya zauna. Ka ga an rasa jaka, an kuma rikita abin da zai hana karon tun farko. Ƙaramin hannun nan na riƙe gudu shi ma a jikin sitiyarin yake, tare za su tafi.

Faisal Nima:
Bos mai kyau irin Works Bell na Japan ba ya taɓa naɗin. An yi shi daidai motar.

Rabi'u mai waya:
Haka ne. Shi kuma ba a sidi 450 yake ba.

Alhaji Tanko Alabar:
Assalamu alaikum. Jikana ne ya karanta min, shi ke rubutawa. Ni na fara yaron mota a 1970, goro muke ɗauka daga nan zuwa Ikko. A lokacin Gana hagu ake bi. Mu isa Aflao mu koma dama, mu ratsa Togo da Dahomey, a Idiroko mu sake komawa hagu. Nijeriya ta juya a 1972, mu kuma sai ranar 4 ga Agusta 1974, zamanin Acheampong. Bayan nan mun ga yadda aka riƙa ciro sitiyari daga wannan gefe ana kai shi wancan a Magazin, wasu aikin ya yi kyau, wasu kuwa Allah ya jiƙan waɗanda suka shiga.

Sitiyarin motarmu faɗinsa kamar faifan tuwon biki, ba fawa, da ƙirji ake juya shi. Maigidana da kansa ya kai wa wani baduku a Alabar ya naɗe masa shi da fata, ya yi masa ɗinki a ciki. Har aka sayar da motar fatar nan ba ta motsa ba. Abin da nake tambaya, ɗana Sadiku: ƙarfen ne ya lalace ko fatar? In fata ce, don me za a yar da doki saboda sirdi ya tsufa? Dukawa ba su ƙare ba a garin nan.

Sadiku Aboabo:
Allah ya ƙara girma Baba. Fatar ce kawai. Gaskiya ban kawo wannan a raina ba.

Ɗanladi Sawaba:
Baba a yi masa da jar fata da tuntaye irin na linzamin Sallah, ya shiga Adum a yi masa guɗa.

Rabi'u mai waya:
Sadiku, wata tambaya. Motar nan daga gwanjon Amurka ta zo ko? In ka kunna ta kafin inji ya tashi, fitilar jakar iska, mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa, tana kamawa? Ya kamata ta kama kamar daƙiƙa shida sannan ta mutu ita kaɗai. Je ka duba yanzu.

Sadiku Aboabo:
Na duba. Tana kamawa ta mutu. Wanda ya kawo min ita ya ce bugun gefe ne kaɗan, bamba da fitila ɗaya aka canja.

Mubarak Bronx:
Salam. Yanzu na tashi daga aiki na ga zancen. Sadiku turo min lambar jikin motar, mai harafi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. Motocin gwanjo hotunansu ba sa ɓacewa a intanet. Turo ta gefe.

Mubarak Bronx:
To. Na samu. Ƙanina ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Bugun gaba ne sosai, bonet ya naɗe. A hoto na shida jakar direba tana rataye a kan sitiyari kamar zanin da aka shanya, ta fasinja ma ta fashe dashbod. Na tura maka. Ban ce lallai ba a sa wasu ba, akwai masu gyara na Allah da ke sawa. Amma kafin a ci gaba da gardamar cirewa, a fara sanin ko akwai abin cirewar.

Mariya Tafo:
Innalillahi. Da ita ka kai Umma Ejisu ranar Lahadi.

Masta Isiyaka Magazin:
Kawo ta gobe da safe kafin rana ta yi. Ka biyo ta baya, gaban shataletalen Suame ba ya motsi. Rabi'u, kai ma ka zo da na'urarka.

Sadiku Aboabo:
Jama'a na dawo daga wurin Masta. Bari in ba ku yadda aka yi, don har yanzu jikina bai daina rawa ba.

Masta ya sa yaro ya cire kan batir, ya ce kowa ya zauna, ba mai taɓa komai sai an sha shayi. Ya ce jakar tana iya riƙe wuta bayan an cire batir, ya taɓa ganin ta tashi da sukurudireba ta kafe shi a rufin mota. Bayan kamar minti goma ya zura ƙarfe ta ramukan gefe, murfin tsakiya ya fito. Tun a hannu ya ce, wannan ba nauyi. Ya juya shi. Inda ya kamata a ga gwangwanin da ke hura jakar, babu komai. An cusa soso irin na katifa da guntun tsohuwar singileti don murfin ya cika ya yi tauri in an danna hon. A bakin soket ɗin kuma ga rezista an naɗe da baƙin salatif. Irin dai wanda yaron nan ya ce zai sa min. Ashe wata huɗu ina yawo da shi.

Gefen fasinja haka. An liƙe dashbod an bi shi da fata, in ba ka shafa da yatsa ba ba za ka ji tabon ba. Bel biyu na gaba duk sun riga sun harba, an buɗe su an sassauta don su riƙa ja da komawa. Rabi'u ya ce an goge wa kwamfutar tarihin karon, shi ya sa fitila take kamawa ta mutu kamar ta ƙwarai.

Na kira wanda ya kawo min motar, ya ce shi ma haka ya karɓe ta daga mai gyara. Na kira mai gyaran, ya ce kuɗin da aka ba shi na bodi da fenti ne. Kowa ya wanke hannunsa.

Sannan abin dariya a cikin baƙin ciki. Na je da Momon yaron don Masta ya gani, na ce masa in ya yi zan biya. Masta ya dafa shi a gwiwa, ya kama sama da ƙasa ya danna, ba da wani ƙarfi ba, dattijo ne fa. Sai ga shi ya lanƙwashe kamar murfin kwano. Ya miƙo min ya ce in mayar masa in ce Isiyaka ne ya gwada. Yaron bai ce uffan ba, ya mayar da shi kwali.

Faisal Nima:
Subhanallah. Allah ya tsare gaba. Na faɗa maka jabu ne, ƙarfensu kamar na gwangwanin madara. Na ainihi a bayan ƙafarsa akwai tambarin Italiya da aka buga a jikin ƙarfen, ɗinkin kuma a jere yake ba zare a waje.

Amma yanzu ku saurare ni da kyau. Duk faɗan da aka yi min jiya a kan kar a cire jaka ne. To ga shi babu ita. Wata huɗu yana tuƙi da soso. Yanzu me zai rasa in ya sa Momo na gaskiya da bos mai kyau? Aƙalla ya san abin da ke gabansa, ba a yaudare shi ba. Gyara wancan kuwa, jaka biyu, bel biyu, dashbod, kwamfuta, kuɗin zai sayi Momo nawa?

Mariya Tafo:
Faisal, wanda ya gano rijiyar gidansu ba murfi, murfi yake nema ko ya ce tunda an daɗe haka a bar ta?

Faisal Nima:
Anti, in murfin ya fi ƙarfin aljihunsa fa? Ni lissafi nake yi. Kuma kowace shekara motoci irin wannan suna zuwa DVLA, hukumar lasisin motoci, su fito da takardar rodwodi ta shaidar lafiyar mota, wa ya taɓa buɗe murfin sitiyari a can?

Rabi'u mai waya:
Maganar kuɗi gaskiya ce, ba za a ɓoye ba. Amma ba dole a yi duka rana ɗaya ba. Ni a ganina bel biyu su ne farko, ko da Momon zai sa sai ya canja su. Sai jakar direba. Ta fasinja da dashbod su biyo baya, kafin nan kar ya riƙa ɗaukar mutum a gaba zuwa tafiya mai nisa. Sa'ar da ya yi, motar nan uku ce da suna daban: Scion FR-S, Subaru BRZ da Toyota 86, a masana'antar Subaru ɗaya aka haɗa su a Japan. Kayan 2013 zuwa 2016 da yawa suna shiga juna, tambarin murfi ne ya bambanta. Daga 2017 an canja sitiyarin, ya ɗan ƙanƙance, an sa masa maɓallan rediyo, jakarsa ma wata ce, sai an taɓa wayoyi. A bi lambar kaya, kar a bi ido.

Ɗanladi Sawaba:
A sa masa mai tambarin Subaru a gaba, Scion a baya, takarda ta ce Toyota. 'Yan sandan hanya su yi ta karatu.

Faisal Nima:
In hom-yus za a nema, wato na hannu daga waje, Asabar zan shiga Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, in zaga. Amma motar nan ba ta da yawa a ƙasar nan, ba Corolla ba ce. Kar a sa rai.

Mubarak Bronx:
Ku yi hattara da jakar da ba ku san asalinta ba. Wani lokaci gara soson. Kun san labarin Takata, kamfanin da ya yi jakunkunan iska: sinadarin da suka sa a gwangwanin yana lalacewa in ya daɗe a zafi da laima, ranar da ya tashi sai ya tarwatsa gwangwanin, ƙarfe ya yi fuskar direba. A Amurka kaɗai an kira kusan miliyan 67 a canja, mutum sama da 20 suka mutu, kamfanin ya karye a 2017. Zafi da laima kuwa, ina ya kai Kumasi da damina? Masu Mustang 2005 zuwa 2014 da tsofaffin BMW da Honda da ke cikinmu, ku sa lambar motarku a shafin NHTSA, hukumar kiyaye lafiyar hanya ta Amurka, kyauta ne, zai nuna muku. Banda wannan akwai na jabu sababbi fil a kwali, a 2024 hukumar ta yi gargaɗi a kansu, kuma a motocin da aka gyara bayan karo aka fi samun su.

Sadiku, ga abin da zan iya. Akwai wuraren da ake wargaza motocin da suka yi hatsari a nan Amurka. Zan nemi wadda aka buga ta baya, gabanta lafiya, in ga lambarta da idona, in ciro jakar direba da bel biyu. Sai dai ba a shiga jirgin sama da su a akwati, kayan fashewa ake lissafa su, kar ma wani ya ce a ba mai zuwa gida. Ta ruwa za su zo, sai na yi magana da mai loda min kwantena ya rubuta su yadda doka ta ce. Ka lissafa wata biyu, ko fiye in Tema ta riƙe.

Sadiku Aboabo:
Yaya Mubarak Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na amince. Ka faɗa min abin da ya kama in fara turawa.

Faisal, kar ka ji haushi. Wallahi har yanzu in na ga hoton Prototipo raina yana biyawa. Amma na riƙe soson nan a hannuna, na tuna ranar da na taka ta a hanyar Konongo da dare, ban faɗi lambar da mita ta nuna ba don Yaya tana nan.

Mariya Tafo:
Ina nan kuwa.

Faisal Nima:
Ba haushi. Motarka ce. Ni dai BMW ɗina ta 1989 ce, ba ta zo da jaka ba balle in cire, shi ya sa hankalina kwance. In ka tara kuɗi ka sayi tsohuwa irinta ta wasan Lahadi, ka zo in zaɓa maka.

Rabi'u mai waya:
Au, ashe taka ba ta taɓa samun jaka ba, kake ta zuga yaro ya cire tasa?

Faisal Nima:
Ai ba a tambaye ni ba.

Masta Isiyaka Magazin:
Tunda za a jira kwantena, sitiyarin na ciro shi, na ba shi aron wani tsoho ya riƙa lallaɓawa cikin gari. Na yi alama da fenti a kan sandar kafin in zare, na kuma ɗaure naɗin wayar da salatif. Duk mai yin wannan aiki a gida ya kiyaye: naɗin nan in ya juya ba ka sani ba, ranar da ka karya sitiyari har ƙarshe zai tsinke, hon ya mutu, fitilu su cika dashbod.

Na kai shi wurin mutumin da Alhaji ya kwatanta, jikan wancan badukun ne, yanzu kujerun mota yake ɗinkawa. Ya ce fatar akuya ta yi laushi da yawa, ba za ta jure gumi da rana ba, ta saniya zai sa, baƙa, mara sheƙi. Ya ɓare tsohuwar a gabana ya shimfiɗa ta a kan sabuwar ya yanka daidai ita. Ya ce kwana huɗu, don da allura biyu ake ɗinkin kuma sai fatar ta kwana a jiƙe ta kama jiki. Murfin tsakiya na ce kar ya kusance shi, in an rufe shi da fata jaka ba za ta iya yaga shi ta fito ba.

Sadiku, yana tambaya zaren ja kake so irin na asali ko baƙi.

Sadiku Aboabo:
Ja, Masta. Kuma in zai yiwu ya sa ɗan jan ƙyalle a sama daidai tsakiya, irin na motocin tsere.

Alhaji Tanko Alabar:
A gaya masa ya ja zaren sosai ta ciki inda yatsu ke zama. Kakansa a nan yake fara ɗinki.

Ɗanladi Sawaba:
To soson fa, Masta? In ba mai so a ajiye min, kujerar pragyata ta lotse.